Ɗan Katsina a Gwangwanin Milo

Ranar sadakar arba'in ɗin kakata, mata suka buɗe adakarta don a raba kaya. Zannuwa ne, da tasoshin da ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba, da carbi uku, sai wani tsohon gwangwanin Milo da murfinsa ya yi tsatsa. Kowa ya ɗauka kuɗi ne. Da aka ɓalle murfin da wuƙa sai ga tsumma a ƙulle, cikin tsumman toka, cikin tokar kuma 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Ɗan Katsina ne." Ba wanda ya ce a ba shi. Ni na sa a aljihu, ba don na san noma ba, sai don ban samu komai a rabon zannuwa ba.

Gidanmu yana New Town, unguwar da tsofaffi har gobe suke kira Lagos Town saboda yawan mutanen Najeriya da suka fara zama a cikinta, a birnin da mu Hausawan Gana muke ce wa Ankara, takardu kuma su rubuta Accra. Gida ne irin na zango. Ɗakuna sun kewaye tsakar gida, siminti ya shafe ko'ina in ban da wani ɗan tsirin ƙasa a bayan makewayi, inda ruwan wanka yake bi ya faɗa kwata. A wannan tsirin Kaka take shuka tumatirinta tun kafin a haife ni. Ba shi da kyan gani. Faffaɗa ne mai tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, kafaɗarsa ba ta gama yin ja, in ya nuna kuwa ka matsa shi kaɗan sai ya fashe maka a hannu. Shekara huɗu kafin rasuwarta aka zuba kankare a wurin aka yi ɗakin haya. Ita ma lokacin ƙafa ta riga ta ƙi, shi ke nan aka daina ganinsa.

Abin da aka gaya mana muna yara shi ne, kakan mahaifinmu ne ya taho da irin daga Katsina cikin ayarin fataken goro, ya biyo ta Salaga har ya iso bakin teku. Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, shi ya fi kowa riƙe wannan labari, kuma in yana ba da shi har jakin da ya ɗauko irin yakan siffanta. Na daɗe ina so labarin ya zama gaskiya, amma tun kafin in shuka ƙwaya ɗaya nake da shakka.

Hanyar Gwanja dai gaskiya ce. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sun yi ɗaruruwan shekaru suna binta, suna kawo kanwa da tufafi da kayan fata da gabu, su koma da goro, tafiyar watanni. Salaga ce babbar kasuwar. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa garin. Malam Umaru, babban malamin nan marubuci, ya koma Kete-Krachi, wasu suka nufi Kumasi, wasu suka gangaro Ankara, wadda tun 1877 ta zama mazaunin gwamnatin mulkin mallaka. A nan suka tarar da zangon Malam Naino, Bakatsine, a tsakiyar gari. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1912, Malam Amadu Futa kuma ya buɗe Nima a farkon shekarun 1930. Saboda haka in mutumin zango ya ce kakansa Bakatsine ne da ya biyo ta Salaga, ba abin musu ba ne.

Tumatirin ne abin musun. Duba miyar da waɗannan mutane suka zo da ita, wadda har yau ita ce miyar tuwon zafi a kowane lungu na Nima da Maamobi: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, ayoyo. Daddawa ce gishirin zancenta. In ana son tsami, ga yakuwa, ga tsamiya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da take jiran tumatir. Jar miyar da yanzu ake ɗorawa a kan ayoyo kamar hula, daga baya ta zo, kuma Kaka da kanta takan ce a ƙuruciyarta ƙwaya biyu ko uku ake matsawa a tukunyar gida guda, don ƙamshi. Bafataken da zai yi wata uku a hanya, in zai ƙulla iri a bakin rawani, na fi zaton na albasa zai ƙulla.

Shi tumatir baƙo ne a ko'ina cikin wannan nahiya. Asalinsa tsaunukan Andes ne a yammacin Kudancin Amurka, inda danginsa na jeji suke fitar da 'ya'ya ƙanana kamar na kanya. Mutanen Meziko ne suka mai da shi amfanin gona, kuma daga kalmarsu tomatl sunan ya fito, ya bi bakin Sifaniyawa da Ingilishi har ya zama tumatir a bakinmu. Bayan Sifaniyawa sun ci birnin Aztek a 1521 ya ƙetara teku, a 1544 wani likitan Italiya mai suna Mattioli ya rubuta bayaninsa. Daga wancan ɓangaren duniya masara da rogo da gyaɗa da barkono suka zo mana, abubuwan da yau ba wanda zai yarda baƙi ne. Ɗan'uwansa na gida shi ne gauta. Dangi ɗaya ne, wanda ya taɓa ganin furensu gefe da gefe ba sai an gaya masa ba.

Da wannan shakka na hau sama da gwangwanina. A gidanmu akwai ɓangaren da aka yi wa rufin kankare, wanda magina suke kira dekin, da niyyar wata rana a ɗora bene. Shekara da shekaru ba abin da yake kai sai ƙarafan da suka tsaya tsirara da igiyar shanya. Na tara buhunan shinkafa da bokitan fenti, na sayi baƙar ƙasa, na haɗa da takin ragunan layya da maƙwabcinmu yake kiwo. Shawara kuwa Dzorwulu na je nema, wurin masu lambun da suke noma a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Yawancinsu mutanen arewacin Gana ne da Burkina, da Hausa ake ciniki. Latas da kabeji da albasa mai ganye suka fi shukawa, amma wani dattijo ya gaya mini abin da ya cece ni. Ya ce, "Yaro, tumatir ba zafin rana yake tsoro ba, zafin dare ne. In dare bai yi sanyi ba fure zai zube. Ka yafa iri a watan shida, ka dasa a watan bakwai, ya yi fure a sanyin watan takwas." A Ankara watan Agusta ne ya fi kowane sanyi, ba lokacin hunturu ba kamar a Kano.

Ƙwaya arba'in da ɗaya na ƙirga a tsumman. Bakwai suka fito. Kwana tara ina hawa ina sauka ban ga komai ba, har na fara shirya yadda zan gaya wa Gwaggo cewa na kashe abin da uwarta ta bari. Daga cikin bakwai ɗin biyu suka mutu a dashe.

Don in samu abin gwadawa, na shuka wasu iri uku a gefensu. Na farko Pectomech, wanda na saya a 'yar takarda a shagon kayan gona. Na biyu Power, irin da manoman Tuobodom da Akumadan suka daɗe suna nomawa suna ajiye irinsa da kansu. Na uku ba saya na yi ba, a bola na tumɓuke shi: ɗan ƙaramin tumatirin nan mai kamar ƙwayar carbi da yake fitowa da kansa a juji, wanda yara suke tsinka suna jifa da shi.

Halinsu ya bambanta tun suna ƙanana. Pectomech gajere ne mai ladabi, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya yi fure kusan lokaci ɗaya, ya nuna kusan lokaci ɗaya, cikin mako uku ya gama abin da ya kawo shi ya bushe. 'Ya'yansa dogaye-dogaye ne masu tauri, na bar ɗaya a kan taga kwana goma sha biyu bai ce komai ba. Power ya fi shi tsawo da ruwa. Ɗan bola kuwa ya bi igiyar shanya ya kama ƙarafan dekin, farin ƙuda ya sauka a kansa bai kula ba, alhali ganyen Pectomech har ya fara nannaɗewa. Na Kaka ya yi ta tsawo yana neman abin jingina, yau ya ba ka uku, jibi ya ba ka biyu, wata biyu cur bai daina ba. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta riƙe shi. Matar da take girki kullum ba ta bukatar kwando guda rana ɗaya. Ƙwaya uku take so kowace yamma.

Na farkon da ya nuna na naɗe a hankici na kai kasuwar Malam Atta, wurin wata tsohuwa Ba'asantiya da muka daɗe muna sayen kayan miya a hannunta. Ban gama kwance hankicin ba ta yi dariya.

"Ɗana, ina ka samo wosowoso?"

Na ce, "Maame, wannan ɗan Katsina ne, na kakata."

Ta ɗauka ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta ce, "Ka ji ruwa? Sunansa ke nan. Wannan muka tashi muna ci. Yanzu wa zai ɗauko maka shi? Kafin mota ta wuce Nkawkaw ya zama miya."

A yaren Twi woso girgizawa ce. Wosowoso tsohon iri ne sananne a kudancin Gana, har masu binciken aikin gona sun daɗe da sanya shi cikin gwaje-gwajensu. Na dawo gida ina jin kamar an ce mini kakana ba kakana ba ne. Amma maganarta ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini, domin a cikinta amsar wata tambaya take: me ya sa tumatirin da kowa ya tashi yana ci ya ɓace daga tire, aka wayi gari duk kasuwannin Ankara tumatir iri ɗaya ne, dogo mai tauri?

Hanya ce ta zaɓa. Kuma zaɓen bai fara a Gana ba. A 1955 ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar da irin Roma, mai yawan tsoka da ƙarancin ruwa, don masu yin tumatirin gwangwani. A jami'ar Kaliforniya da ke Davis kuma, wasu mutum biyu, Jack Hanna da Coby Lorenzen, suka yi shekaru ɗaya yana ƙera injin girbe tumatir, ɗaya yana neman irin da zai jure injin: gajere, mai nuna lokaci ɗaya, mai fatar da ba ta fashewa in an wurga shi. Da aka rufe shirin kawo leburorin Meziko a 1964, manoman jihar suka rungumi injin, kafin ƙarshen shekarun 1960 kusan duk tumatirin masana'antarsu inji ne yake girbe shi. Zuriyar waɗannan iri ce ta bazu duniya a cikin 'yan takardu. UC82 da manoman Kadawa da Kura suka sani a Kano daga can ya fito. Gutsuren mech da ke ƙarshen sunan Pectomech da Tropimech ma inji yake nufi. Mu ba mu da injin, amma muna da abin da ya fi shi wurgi, wato babbar mota a kan hanyar Paga zuwa Ankara.

Nkrumah ya so a ce ba sai tumatir ya yi wannan tafiya ba. A zamaninsa aka tsara masana'antun sarrafa shi, aka gina ta Pwalugu kusa da Bolgatanga da taimakon Yugoslabiya, ga ta Wenchi, ga ta Nsawam. Daga baya aka yi madatsun ruwa na Vea da Tono don noman rani a arewa maso gabas. Da gwamnatin Rawlings ta karɓi tsarin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni a 1983, aka janye tallafi, aka sassauta shigo da kaya, masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Ta Pwalugu ta rufe wajen 1990. An sake buɗe ta a 2007 da sunan Northern Star, ba ta yi ƙarko ba. Gurbin da suka bari tumatirin gwangwani na Italiya ya cike, daga baya na Sin, wanda ake kawowa a manyan durom daga yankin Xinjiang a ƙulla a leda. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne, akwai 'yan Gana daga yankunan noman tumatir da suka bi hamada da teku suka ƙare a gonakin Foggia a kudancin Italiya, suna tsinkar tumatirin wasu a kan ladan akwati.

Ɗanyen kuwa, daga wajen watan Disamba zuwa Afrilu ko Mayu, yawancin wanda muke ci a Ankara daga Burkina yake zuwa. Matan kasuwa ne suke ɗaukar mota su ƙetare iyakar Paga, su loda a manyan akwatunan katako, ba kwanduna ba kamar na Kwanar Gafan, su yi tafiyar fiye da kilomita 800 su dawo. A kowace babbar kasuwa akwai sarauniyar tumatir da take tsara yawan motar da za ta shigo, don kada kaya su yi yawa farashi ya karye. Ana yawan zagin waɗannan mata, a ce su suke danne manomi. Akwai gaskiya a ciki. Amma matar da ta zuba jarinta a kan abin da yake ruɓewa, ta kwana biyu a bayan mota a hanyar da yanzu ba ta da tsaro, ba za ka ce ta sayi wosowoso don daɗinsa ba. Abin da zai iso da rai za ta saya, manomi kuma abin da za ta saya zai shuka.

A tukunya ma sai da na yi wa Pectomech adalci. Matata ta yi jar miya da kowanne daban. Na Kaka ya cinye gawayi kafin ruwansa ya tsotse, abin da ya rage a tukunyar kuma ɗan kaɗan ne. Pectomech nan da nan ya yi kauri ya yi ja. In waakye za ka sayar a bakin titi, kai ma shi za ka zaɓa. Amma da aka niƙa su ɗanye a asanka, kaskon niƙan nan na ƙasa, da barkono da albasa da gishiri don cin dokunu da soyayyen kifi, sai magana ta juya. Pectomech ba ya cewa komai, kamar ka niƙa ɗanyen gwanda. Na Kaka yana da tsami mai kaifi da wani ƙamshi irin na ganyensa, wanda yake kama hanci tun daga ƙofa. Ɗan bola ya fi kowa zaƙi, sai dai kafin ka tara cikin kofi guda ka gaji.

Gwaggo na kai wa asankar. Tana zaune a Maamobi, ta haura saba'in, ita ce babba a ɗakinsu. Ta ɗanɗana ta yi shiru. Na gaya mata abin da tsohuwar kasuwa ta ce, ina tsammanin za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Ai gaskiyarta. Wurin wata mata 'yar Ada Mma ta samo shi, mai kawo kifi gidanmu. Ina yarinya."

Na ce, "To Gwaggo, Katsinar fa?"

Ta ce, "Ya je ya dawo ne."

A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Zango ya girgiza. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Najeriya ko Nijar ba, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau mota. Lagos Town ma ta ji abin. Kaka ta tsira, amma ƙanwarta tana auren wani Bakatsine da bai yi takarda ba. Daren da za su tafi, in ji Gwaggo, ba abin da Kaka take da shi da za ta ba ta, sai ta yagi bakin zani ta ƙulla mata irin tumatir da na ayoyo. Ba su sake ganin juna ba.

Ita Kaka ta ci gaba da shukarta. Da Acheampong ya karɓi mulki a 1972 ya kawo shirin Operation Feed Yourself, wato kowa ya ciyar da kansa, har ma'aikatan ofis suka koma shuka rogo a bayan gida, Gwaggo ta ce maƙwabta sun yi ta zuwa roƙon dashe. Sai fari ya zo. Daminar 1982 ta yi gardama, a 1983 gobarar daji ta cinye gonaki, yunwa ta kai mutane ƙashin wuyansu ya fito har aka sa masa suna sarƙar Rawlings. Ruwan wankan da yake ratsa tsirin Kaka ya zama abin tattali. Shukar ta ƙone, irin da ta ajiye ta yafa sau biyu bai tsira ba, ya ƙare.

A watan Janairun wannan shekarar gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Najeriya, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida cikin 'yan makonni. Mahaifina yana cikinsu. Yana aiki a Agege, kuma kafin korar ya je Katsina gaida innarsa, ta ba shi tsaraba ya kai wa yayarta: daddawa, da kuka, da kauɗar tumatir, da ƙullin iri a tsumma. Daddawar da kukar a hanya aka cinye su. Tsumman ne ya iso New Town a aljihun wandonsa. Da ruwa ya dawo a 1984 Kaka ta yafa, ya fito. Tun daga ranar take ce masa ɗan Katsina. Baba Ƙarami yana ɗan shekara takwas lokacin. Ya ji an ce daga Katsina aka kawo, sauran labarin da jakin shi ya ƙarasa da kansa.

Mahaifina bai taɓa ba ni wannan labari ba. Ba ya son maganar 1983 ko kaɗan.

Shekara ta biyu na roƙi tsohuwar kasuwa ta samo mini wosowoso na gaske daga wajen danginta, na shuka shi buhu da buhu kusa da na Kaka. Tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, shi ya sa in ka ajiye irinsa yake fito maka da kamannin uwarsa, ba kamar sababbin irin da ake rubuta wa F1 a takarda ba, waɗanda 'ya'yansu suke rarrabuwa sai ka koma shago kowace shekara. Duk da haka iri yana bin hannun mai zaɓensa. Kama ɗaya suke, tsaga ɗaya, tsami ɗaya. Amma na Kaka ya fi ƙanƙanta, fatarsa ta ɗan fi kauri, kuma da zafi ya dawo a watan Nuwamba wosowoson kasuwa ya zubar da fure, shi kuwa ya ƙara mako uku yana ɗaurewa. Buhu goma a kan dekin ba gonar bincike ba ce. Abin da na gani ke nan dai, kuma na fi karkata ga cewa shekara goma sha uku a hannun wata mata a Katsina, tana zaɓar wanda ya jure mata tana ajiye irinsa, sun bar alama.

A wannan shekarar ce kuma na fara ganin fararen zane a cikin ganye, kamar an yi rubutu da allura. Tsutsar nan ce Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka sa wa suna Sharon lokacin da ta cinye gonakinsu a 2016, shekarar da masana'antar Dangote ta Kadawa ta buɗe ta rasa tumatirin da za ta niƙa, jihar Kaduna kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita ma 'yar Kudancin Amurka ce. A 2006 aka fara ganinta a Sifen, daga nan ta bi Bahar Rum ta ƙetaro hamada. Shekara kusan ɗari biyar tumatir ya yi da barin gida kafin tsohuwar abokiyar gabarsa ta cim masa. Ba ta bambanta ɗan Katsina da Pectomech. Da hannu nake tsinke ganyen da ta shiga kowace asuba, ina fesa ruwan ganyen darbejiya, abin da mai buhu goma zai iya, mai kadada goma ba zai iya ba.

Wani lokaci in na je sayen albasa nakan yi kishi. 'Yan albasan da aka tasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, yawancinsu mutanen Nijar ne, kuma kayansu yana da suna da gari: albasar Galmi, wadda har kamfanonin iri na Turai da sunan garin suke sayar da ita. Albasa tana jure hanya, shi ya sa irin gida ya ci kasuwa. Tumatirin gida ba ya jurewa, sai ya koma bayan makewayi, a hannun tsofaffin mata, ba suna a takarda, kowane gida da abin da yake kiransa. Na tambaya a Nima da Sabon Zango, na samu gida biyu da suke da irin nasu. Ɗaya suna ce masa ɗan Mosi, ɗaya kuma na Hajiya kawai.

Bana Baba Ƙarami ya samu kuɗin ɗora benen. Ba ni da bakin hana shi, haya a New Town ba abin wasa ba ce, kuma yana da 'ya'ya a makaranta. An riga an sauke yashi a ƙofar gida, bulo yana zuwa bayan Sallah. Na sauko da buhu uku na jera a kan matakala inda rana take taɓawa da hantsi, sauran na rabar. Na zaɓi 'ya'ya shida mafi kyau daga tsakiyar kaka, na matse su a kofi na bari kwana uku har suka yi kumfa, na wanke, na shanya a inuwa, na gauraya da toka. Kashi huɗu na yi. Ɗaya na Gwaggo, ɗaya na dattijon Dzorwulu, ɗaya ya koma gwangwanin Milo da kwanan wata a jikin murfi. Na huɗun na ba wani direba da yake zuwa Katsina ta Maraɗi, da kwatancen unguwar da jikokin ƙanwar Kaka suke. Da na kira su a waya sun ce ba su san wani tumatir ba, lambun ma an daɗe da yanka shi filaye.

Jiya Baba Ƙarami ya tsaya a matakala yana nuna wa magini buhunan, yana gaya masa a yi hankali da su, kakanmu ne ya kawo irin a kan jaki tun zamanin Salaga. Maginin ya ce to, ya matsar da bokitin simintinsa gefe.